Lissafin kasuwa da lissafin aji: yadda aikinmu ke tafiya a Damagaram

Litinin, 13 ga Oktoba, 2025

Mu huɗu ne a wannan aiki. Uku muna koyar da lissafi a wani CEG (ƙaramar sakandare) nan cikin gari, ta huɗun malama ce mai riƙe da ajin CM2, ajin ƙarshe na firamare, a lakkol ɗin da ke maƙwabtaka da mu, kuma yawancin yaran da muke karɓa a siziyem, ajin farko na CEG, daga hannunta suke fitowa. Abin da ya haɗa mu tsohon ciwo ne: yaro ya haddace ninkawa har ta tara, amma in ka ce masa "don me ka raba, ba ka ninka ba?" sai ya sunkuyar da kai. Bana za mu karanta abin da masu bincike suka gano game da koyar da tunanin lissafi ta hanyar al'amuran yau da kullum, mu gwada a azuzuwanmu, mu ga wanda zai karɓi ƙasarmu. Ni aka ɗora wa rubutu.

Gwajin PASEC, wanda ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa yaran Nijar da suka kai matakin da ake so a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 an matsa gaba, amma ba a kai 1 cikin 4 ba. Da yawa cikin waɗannan yaran kuwa su ne ke ba ka canji a bakin tasha, ko dala ba sa ɓatarwa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Da aka tashi makaranta ni da Malama muka shiga kasuwar Dole, muka tsaya rumfar wata Hajiya mai hatsi wadda ɗiyarta ke ajina, tana taya ta awo da marece.

"Hajiya, a ba mu aron ɗiyar nan taki, tambaya za mu yi mata."

"Ga ta nan, Mushe, in dai ba bashi kuka zo ci ba."

Na tambayi yarinyar kuɗin tiya bakwai in tiya tana dala ɗari da ashirin (dala ɗaya tamma biyar ce, jika kuma dala ɗari biyu). Hannunta na cikin buhu ta amsa: "Biyar jika uku, biyu jika da arba'in. Jika huɗu da dala arba'in." Ta tsaga bakwai gida biyu, ta ninka kowane gida, ta haɗa, tana kuma juya dala zuwa jika a kan hanya. Wannan ita ce ƙa'idar da za mu rubuta musu da baƙaƙe nan gaba su yi ta kuka da ita. Na riƙe tambayar zan ba ta a takarda.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na rubuta mata 120 × 7. Ta rubuta 7140: sifiri, goma sha huɗu, bakwai, ta jera su yadda suka zo. Ba ta ga wani aibu ba, don lambar ba kuɗin komai ba ce a wurinta.

Abin da aka gani a Recife ta ƙasar Barazil ke nan. A 1985 Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann sun bi yara 5 masu talla, ƴan shekara 9 zuwa 15, suna saye a wurinsu suna tambaya. A kan titi yaran sun ci kusan kashi 98 cikin 100. Da aka mai da tambayoyin labari a takarda sai suka sauko kusan 74, da aka bar lambobi tsirara kuma kusan 37. Akwai yaron da ya faɗi kuɗin kwakwa huɗu a kan 35 daidai, 140, aka ba shi 35 × 4 a takarda ya samo 200. Tun kafin su, a 1967, John Gay da Michael Cole sun nuna yadda Kpelle na Laberiya, waɗanda ba su shiga boko ba, suka fi baƙi ƴan Amurka iya ƙiyasta yawan shinkafa da gwangwanin awo. Wannan zangon na bincike aikinsa ɗaya ne, ya tabbatar wa masu boko cewa akwai lissafi a wajen aji. Mu nan ba mu buƙaci shaida a kan haka ba, duk wanda ya taɓa ciniki da mai goro ya sani.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Wannan mako mun gwada tambayar da ta yi suna a Faransa. A 1980 masu bincike na Grenoble sun ce wa ƴan CE1 da CE2, aji biyu da aji uku na firamare: a jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Cikin yara 97, 76 sun haɗa lambobin sun ba da amsa. Mu muka cire jirgi muka sa makiyayi.

A aji guda muka rubuta ta a allo da Faransanci, kusan kowa ya rubuta 36, wasu ma da jan layi a ƙasa don tsabta. A ɗaya ajin Malama ta faɗe ta da baki, da Hausa, kamar tana hira. Aji ya fashe da dariya, wani yaro daga baya ya ce, "Madam, sai dai a tambayi uwarsa."

Abokin aikinmu guda ya ce magana ta ƙare, harshe ne matsalar. Yana da hujja, kuma tarihi na bayansa: a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, kuma kundin ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Amma ni ban yarda harshe kaɗai ba ne. Yaran Grenoble da harshen uwarsu aka tambaye su, suka kuma ce 36. Abin da ya sauya a ajin Malama ya fi harshe: ba allo, ba alli, ba maki. Guy Brousseau, masanin koyar da lissafi ɗan Faransa, ya daɗe da bayyana cewa tsakanin malami da ɗalibi akwai wata yarjejeniya da ba a furtawa, yaro ya koya cewa duk lambar da malam ya bayar sai an yi aiki da ita, kuma duk tambayar aji tana da amsa. Mu muka koya musu haka, shekara shida. A Beljiyam ma, a 1994, Verschaffel da De Corte da Lasure sun ba ƴan aji biyar tambayoyi masu irin wannan tarko, amsoshin da suka yi la'akari da zahiri ba su wuce kashi 17 cikin 100 ba.

Mun yanke shawara kowane mako za mu saka tambaya guda wadda bayaninta bai cika ba, ko mai lambar da ba a buƙata, ba tare da mun faɗa musu wace ce ba.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Tambayar mota. Asalinta daga wani gwajin ƙasa ne a Amurka a farkon shekarun 1980: sojoji 1128, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata? Kashi 23 cikin 100 ne kawai suka ce 32, kashi 29 suka rubuta "31 saura 12". Tamu ta ce: ɗalibai 75 za su Mirya, kowace hiyas tana ɗaukar 18.

An samu masu "4 saura 3", an samu masu 5, har da mai 4,16. Sai wani yaro, ɗan kamasho ne babansa a tasha, ya rubuta 4 cak. Na ce ya bayyana.

"Mushe, wa zai tada mota don mutum uku? A cusa su. Yara ne ma, biyu a kujera ɗaya."

A takardar amsa ya faɗi. A tasha kuwa shi ne mai gaskiya, kuma ya fi mai "4 saura 3" tunani nesa ba kusa ba. Barry Cooper da Máiréad Dunne sun ci karo da wannan a Ingila, cikin aikin da suka fitar a 2000: tambayoyin jarrabawa da aka lulluɓe da labarin rayuwa sun fi kayar da ƴaƴan talakawa, ɗaya daga dalilan kuwa shi ne suna ɗaukar labarin da gaske, su shigo da abin da suka sani, alhali mai tambayar ɗan kaɗan yake so a shigo da shi. Yaron da ya san wasan ya san inda ake tsayawa. Ke nan tambayar rayuwa ba lalle ta zama gata ga ɗan talaka ba, in malami bai fito fili ya faɗi sharuɗɗan ba.

Na ba shi makinsa, na ce ya rubuta sharaɗinsa a ƙasa: in an yarda a yi lodi fiye da ƙa'ida, 4, in ba a yarda ba, 5. Daga yau kowace amsa sai da layin "na ɗauka cewa".

Asabar, 13 ga Disamba

Karatu kawai, hazo ya hana komai. Wani ƙanenmu da ke Jami'ar André Salifou ya turo mana takardu ta WhatsApp, yawancinsu da Ingilishi, muna bi a hankali.

Jijiyar wannan fanni na koyar da lissafi ta al'amuran yau da kullum tana Holan. Hans Freudenthal, wanda ya kafa cibiyarsa a Utrecht a 1971, ya ce lissafi aiki ne da ɗan Adam ke yi, a bar yaro ya sake gano shi da jagorancin malami maimakon a miƙa masa shi a dafe. Adri Treffers ya raba aikin mataki biyu: fitar da lissafi daga cikin al'amari, sannan hawa daga wannan lissafin zuwa ƙa'ida. Indonesiya ta ɗauki tsarin tun wajen 2001, kuma a tarin da ke hannunmu takardunta sun fi na kowa yawa. Gwajin PISA, wanda ake yi wa ƴan shekara 15 a ƙasashe da dama, da aka fara a 2000 ya ƙara tura duniya wannan hanya, na 2022 ma tunanin lissafi ya sa a tsakiya. Na baya-bayan nan sun karkata ga waya da kwamfuta, irin su manhajar lissafi ta GeoGebra da yawon lissafi cikin gari da waya a hannu. Wannan sai mu jira tukuna.

Ra'ayina kan da yawa daga takardun: aji guda, ƴan makonni, gwaji kafin da bayan, sai a ce an yi nasara. Kusan duk a mataki na farko suke tsayawa, wato shigo da kasuwa aji. Na biyun, mai wuyar, kaɗan ne ke taɓa shi.

Asabar, 17 ga Janairu, 2026

Zaman yau ya yi zafi. Babbanmu, wanda ya fi mu daɗewa a aikin kuma yake riƙe da masu BEPC, jarrabawar gama CEG, ya ce muna ɓata lokaci.

"Ku dai kuna ta tatsuniya. Ranar jarrabawa ba Hajiya mai hatsi za ta gyara takardu ba. Programu na nan jibge, yara huɗu a benci, tambaya guda ta cinye muku awa."

Ba a banza ya faɗa ba, kuma takardar da muka karanta yau rabinta tana gefensa. Ta fito a mujallar Nature a Fabrairun 2025, cikin marubutanta akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, masu kyautar Nobel ta 2019. Sun gwada yara 1,436 masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Lissafin ciniki kusan duk sun iya shi, da ka, cikin sauri. Amma da aka ba su rabawa irin ta aji, lamba mai gida uku a raba da mai gida ɗaya, a rukunin farko na Kolkata kusan sulusi ne kawai suka iya. Sai aka juya: ƴan makaranta 471 da ba sa ciniki sun fi su a takarda, amma wata tambayar kasuwa da fiye da sulusin ƴan kasuwa suka warware, 1 cikin 100 ne na ƴan makaranta ya iya. Kamar gida ne mai rumbu biyu, kowanne da hatsinsa, amma ba a ɗiba daga wannan a zuba a wancan.

Shekara 40 tsakanin Recife da Kolkata, kuma nan ne binciken ya iso: iya lissafi a kasuwa ba ya bin yaro zuwa takarda da kansa, na takarda ma ba ya bin sa kasuwa. Akwai kuma aikin Kaminski da abokanta na 2008 a Ohio, inda ɗaliban jami'a da aka koya wa wata ƙa'ida da alamomi zalla suka fi waɗanda aka koya wa da misalan zahiri iya kai ta sabon wuri. An yi ja-in-ja sosai kan wannan aikin, amma ya taimaka wajen ƙarfafa shawarar da ake yawan bayarwa yanzu: a fara da abin da hannu ke taɓawa, a koma zane, a ƙare da alama, ana janye labarin kaɗan-kaɗan. Ko a Holan, kwamitin da cibiyar masanan ƙasar ta kafa ya ce a 2009 babu hujja mai ƙarfi da ta fifita sabuwar hanya kan tsohuwa ko tsohuwa kan sabuwa, malamin da ke gaban aji ya fi hanyar tasiri.

Mun rabu a kan haka: labari ɗaya tak ga kowane babi, a tatse shi har ya zama ƙa'ida, sannan atisaye kamar yadda babbanmu ke so. Na babin gwargwado mun zaɓi dala da tamma, tunda kowane yaro a garin nan yana ninkawa da 5 yana rabawa da 5 tun kafin ya shiga lakkol. Farashi a takarda 425, a baki dala tamanin da biyar.

Talata, 10 ga Fabrairu

Ga yadda ya tafi. Layi biyu a allo, dala a sama, tamma a ƙasa. Suka cika da ka: 20 da 100, 100 da 500, 200 da 1000. Na sa 35 a sama, suka ce 175, na ce kowa ya faɗi ta ina ya bi. Wani ya haɗa na 20 da na 15, wata ta ɗauki na 40 ta cire na 5. Muka rubuta kowace hanya da kibiya a kan layin. Kashegari layin bai sauya ba amma sunayen sun sauya, tiya da kuɗinta, bido da litocinsa. A rana ta uku babu suna ko ɗaya, lambobi ne kawai da gurbi, kuma a nan ne wasu suka fara tangaɗi, sai na ce su sa wa layin sunan da suke so. Ɗiyar Hajiya ta yi 120 × 7 a wannan layin ta samu 840, ta kuma koma tsohon kayenta ta kashe 7140 da kanta.

Wata yarinya ta kawo ƙorafi mai kyau: tiya arba'in ba ta kai kuɗin tiya ɗaya sau arba'in, don mai sayen buhu ana yi masa ragi, mai sayen tiya kuma ana yi masa gyara. Haka ne. Kuɗin kabu-kabu ma ba ya bin tsawon hanya sau da ƙafa. Muka ware rabin awa muna jera abin da ke bin gwargwado da abin da ba ya bi. Dala da tamma suna bi har abada, farashi yana bi zuwa wani wuri, shekarun yaro da tsawonsa ba sa bi.

Ranar Litinin kuma muka yi wasan Brousseau da kwalin da muka roƙo a kanti: murabba'i da aka yanka gunduwa-gunduwa, kowane yaro a rukuni zai faɗaɗa gunduwa guda, da sharaɗin gefen da ke santimita 4 ya koma 7. Kusan kowa ya ƙara 3 a kowane gefe. Da aka zo haɗawa gunduwoyin suka ƙi zama, aka fara zargin juna da rashin iya almakashi. Ban ce uffan ba. Can wani ɗan tela ya ce in 4 ta zama 7, to 2 ba za ta zama 5 ba, rabin 7 za ta zama. Daga nan hanya ta buɗe. Abin da na so a wasan nan, kwalin ne ya ce musu sun yi kuskure, ba jan bikina ba, kuma babu kasuwa ko Hajiya a cikinsa. Ashe abin da ake nema shi ne yanayin da zai mai da wa yaro martani, ko na gaske ne ko ƙirƙirarre.

Asabar, 7 ga Maris

Azumi, darasi ya gajarta. Don babin ɓangarori na je zauren wani malami a Birni wanda ake kai wa rabon gado.

"Allah gafarta Malam, in mace ta rasu ta bar miji da ƴan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ɗa ba iyaye, yaya ake yi?"

Ya ce miji rabi, su kuma sulusi biyu. Na ce ai sun fi dukiyar. Ya yi murmushi ya ce asalin mas'alar shida ne, miji uku, su huɗu, sai a yi auli ta koma bakwai, kowa ya ɗan ragu daidai rabonsa. In jika ɗari bakwai ce, miji ɗari uku, kowace ɗari biyu. Ya ce tun zamanin Sayyidina Umar aka hukunta haka. Bai ɗauki alƙalami ba.

A aji abin da muke kira neman gida ɗaya ga ɓangarori shi ne asalin mas'ala a wurinsa, kuma 1/2 + 2/3 = 7/6 ita ce tambayar da yaranmu ke amsawa da 3/5. Ba sabon haɗi ba ne, littafin aljabara na al-Khwarizmi, na wajen shekara ta 820, babban kasonsa kan wasiyya da gado yake. Duk da haka mun ga kada mu kai gado siziyem: akwai marayu a ajin, kuma hukunci ne da ba namu ba ne mu yi wasa da shi. Zakkar hatsi muka ɗauka, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwa. Gadon mun bar wa manyan azuzuwa, in malamin ya yarda ya zo da kansa.

Asabar, 11 ga Afrilu

Mun ba su ɗan gwaji mai fuska uku: tambaya da baki da Hausa, ita ɗin a rubuce da Faransanci, sannan lambobi zalla, a ranaku daban-daban. A gwargwado tazarar ta ragu a fili, kuma da yawa suna zana layi biyu a gefen takarda ba wanda ya ce su yi. Masu amsa tambayar makiyayi sun ragu ƙwarai, har an samu masu zargin tambaya lafiyayya da tarko. Doguwar rabawa kuwa tana nan inda take, babu abin da ya motsa, babbanmu bai ɓoye jin daɗinsa ba. Ba mu da ajin da muka bari a tsohuwar hanya don kwatantawa, don haka abin da muka gani na ajinmu ne kawai.

Malama za ta fara layi biyu a CM2 wannan zangon, don yaran su zo mana da shi a Oktoba. Ni zan nemi labarin da zai ɗauki rabawa, ina tunanin adashi ko rabon kuɗin naman watanda.

Saura rigimar maki. Yaron da ya yi bayani daidai da Hausa a gefen takarda, Faransancinsa kuma ya karye, nawa za a ba shi? Biyu sun ce cikakke, babbanmu ya ce rabi, tunda mai gyaran BEPC ba zai duba gefen ba. Asabar mai zuwa kowa zai zo da kayen ajinsa mu gyara tare.